Rakiyar da Korau Ya Yi wa Mutanen Rami

A garin Rafin Marina akwai rijiyoyin baba guda tara. Takwas ana rini a cikinsu, ta tara kuwa akwai birni a ƙarƙashinta. Birni sosai, da ganuwarsa da kasuwarsa da unguwanninsa, na waɗansu aljanu masu launin shuɗi da ba su da aiki sai saƙa da doguwar gaisuwa. Mutanen gari ba su san da shi ba. Sun dai ga rijiyar ba ta kama zane, sai suka kifa mata kwando suka manta da ita.

Korau marini ne kaɗai ya sani. Wata rana yana saurayi ya jingina muciyar da yake motsa baba da ita a bakin rijiya ta tara, ta zame ta faɗa ciki. Yana tsaye yana shirya ƙaryar da zai yi wa ubansa, sai ga muciyar ta dawo sama a hannun wani shuɗin mutum mai gemu har cibiya. Mutumin ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyaye da ta maƙwabta da ta awaki, sannan ya ce, "Ya kai ɗan Adam, sandarka ta fasa mini rufin ɗaki." Sunansa Dambaru. Korau ya ba da haƙuri, aka zauna, zaman da aka shekara arba'in da ɗaya ana yi. Kullum bayan la'asar, idan masu rini sun watse, Dambaru yakan fito iya ƙirji ya jingina da bakin rijiya su yi ta dara. Matarsa Shuɗiya takan leƙo ta tambaya wa ke ci, ta yi wa wanda aka cinye dariya ta koma.

Gwamma matar Korau ta san da zancen. Ba ta taɓa ganinsu ba, amma takan aika wa Shuɗiya da daddawa, Shuɗiya ta aiko mata da zaren da ba ya tsinkewa. "Mutanenka na rami," haka take ce musu. Da girma ya zo gwiwoyinta suka ƙi, har ba ta iya tsayuwa ta ja guga, sai Korau ya ɗauki aikin. Kowace safiya shi ke cika mata randa, mazan unguwa suna yi masa tsiya, yana yi kamar bai ji ba.

Ana nan sai waɗansu maƙera suka yi ƙaura suka zo suka kafa maƙerarsu dab da rijiyoyin. Su aljanun nan ba sa shiri da ƙarar ƙarfe. Kowane bugu a sama, sai bango ya tsage a ƙasa. Aka yi wata uku ana daurewa, daga nan sarkinsu ya ce a tashi, a koma wata ƙasa da ke bayan babban kogi, inda ko allura ba ta taɓa zuwa ba. Dambaru ya gaya wa Korau ana cikin dara. Korau ya ce, "To," ya ci gaba da wasa, aka cinye shi sau uku a jere.

Ranar tafiya, da hantsi, Korau ya cika randa, ya zura takalmi, ko hula bai sa ba. Ya ce da Gwamma, "Zan taka wa mutanen nan, yanzu zan dawo."

Ta ce, "Malam, bakin fadama dai. Na san ka da rakiya. Ka gai da Shuɗiya, ka ce na yafe mata kwanona."

Ya isa ya tarar birni yana fitowa daga rijiya. An naɗe ganuwa kamar tabarma an ɗora wa waɗansu manyan kunkuru. Mata sun ɗauko ɗakunansu a ka. Wani ƙato ya rungumo kasuwa a cikin kwando, hayaniyarta na tashi ta ƙarƙashin faifai. Suka ratsa ta tsakiyar gari, maƙera na ta bugu, ba wanda ya ga komai sai Korau shi kaɗai yana tafe yana surutu.

To a nan ne aka samu matsala, kuma dole in tsaya in faɗe ta. A wurinmu ɗan rakiya ba ya juyawa da kansa. Sai matafiyi ya ce, "Ka koma haka nan," shi kuma ya ce, "Bari in ƙara kaɗan," a ƙara taku goma, a sake cewa, sannan a rabu. Wanda ya juya ba a sallame shi ba, ya nuna dama ya gaji da baƙon. Su kuwa mutanen rami nasu a juye yake. A wurinsu cewa da aboki ya koma daidai yake da korarsa, ba mai mutunci da zai furta. Ɗan rakiya ne zai tsaya da kansa ya ce, "Na tsaya."

Suka iso bakin fadama. Korau ya rage sauri, ya yi gyaran murya, ya tsaya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Dambaru ya tsaya yana jiransa cikin ladabi. Da ya miƙe, suka ci gaba. Ayarin ya kutsa tsakanin waɗansu suri biyu, Korau ya bi, da ya ɗaga kai babu fadama, babu gari, sai wani fili fari fat. Rana ta tsaya a hantsi, kuma ba ta sake motsi ba har ƙarshen tafiyar.

A tsakiyar filin wata tsohuwa ce zaune, a zaunen ma ta fi giginya tsawo, tana kaɗi. Zaren da ke fita daga mazarinta shi ne ke shimfiɗuwa ya zama hanya. Aljanu suka yi ta wucewa suna rusuna mata. Da ta ga Korau sai ta dakata da kaɗin, hanya ta tsaya.

Ta ce, "Kai mai tafiya da ƙasa a ƙafa, matafiyi ne kai ko ɗan rakiya?"

Korau ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, Iya, ɗan rakiya ne. Yanzu zan koma."

"Duk haka suke cewa. Ka saurara, ba na maimaita magana. Daga nan zuwa babban kogi kai ɗan rakiya ne, zarena zai mayar da kai gida duk sa'ar da aka yi sallama. Idan ƙafarka ta taɓa ruwan kogin ka zama matafiyi, matafiyi kuwa ba na kaɗa masa zaren komawa. Ka ji?"

"Na ji, Iya."

"Ba a wuce ni hannu rabbana. Me ka kawo?"

Korau ya laluba aljihu, ba komai sai ɓarin goro. Tsohuwa ta dubi hannuwansa, waɗanda baba ya rine har gwiwar hannu tun yana yaro, ta ce, "Zarena fari ne tun da aka halicce ni. Ba ni wannan." Ta shafa zaren a hannuwansa, shuɗin ya bi zare ya tafi. Korau ya ga tafin hannunsa kamar na wanda bai taɓa aiki ba, ransa ya sosu, ya saci kallon Dambaru ko yanzu zai ce ya koma. Dambaru ya ce, "Ya abokina, lalle hannunka ya yi kyau." Suka wuce.

Suka shiga wani daji da itatuwansa ba su da ganye sai kunnuwa. Duk wanda ya shigo, dajin yakan saurari zuciyarsa ya ɗauko muryar da ya baro a gida ya kira shi da ita. Shuɗiya ta matso kusa da Korau ta ce, "Mai baba, kome ka ji kada ka waiwaya. Ɗan rakiyar da ya waiwaya ba a yi sallama ba, wuyansa a haka zai tsaya." Ta nuna masa waɗansu mutane da ke yawo tsakanin itatuwa, fuskokinsu na duban baya, ƙafafunsu na tafiya gaba, suna ta karo da kututture.

Ba su yi nisa ba aka fara. Da farko muryar abokan aikinsa ce, wai baban rininsa ya lalace a rijiya. Bai kula ba. Sai muryar uwarsa da ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Ya runtse ido ya wuce. Can sai ya ji Gwamma, ba da kuka ba, ba da ihu ba, da muryarta ta kullum: "Malam, randa ba ruwa."

Wuyansa ya fara juyawa da kansa. Shuɗiya ta ajiye ɗakinta a ƙasa, ta kama kansa da hannu biyu ta baya, ta yi ta tura shi gaba kamar mai kora ɗan maraƙi. Muryar ta bi su tana cewa randa ba ruwa har suka fita. Da ta sake shi ta ce wa mijinta, "Dambaru, ka ji abin da dajin nan ya ce?"

Dambaru ya ce, "Na ji. Daji ne mai yawan magana."

Ta harare shi, ta koma ta ɗauko ɗakinta.

Daga nan hanya ta kai su gindin wani dutse mai baki. Bakin ne ƙofa, yana buɗewa yana rufewa, ƙasusuwa zube a gabansa. Aljanu ɗaiɗai suka yi ta shigewa lafiya. Da ya ga uku tafe tare sai ya rufe, ya yi magana, tsakuwa na zubowa.

"Ni ne mai tauna masu kara. Ba mai ratsa cikina da abokinsa sai ya faɗi abin da ya daɗe yana haɗiyewa game da shi. Wanda ya rage ko ya sassauta, ga 'yan'uwansa nan a zube. Kai mai gemu, fara."

Dambaru ya shafa gemu, ya yi godiya ga dutse, ya nemi afuwar duk wanda ke wurin, sannan ya ce, "Ya Korau ɗan Nomau, labarin nan na ranar da jakinka ya faɗa kogi ka tsamo shi da hannu ɗaya, ka ba ni shi sau ɗari huɗu da goma sha biyu. Kuma kowace shekara kogin ƙara faɗi yake."

Korau ya ce, "Ai kai kake dariya."

"Ladabi ne."

Dutse ya ce, "Kai ɗan Adam."

Korau ya ce, "Duk sa'ar da na juya zan tofar da goro, sai ka matsar da ɗan dara ɗaya."

Shuɗin fuskar Dambaru ya ƙara duhu. Ya ce, "Yaushe ka gane?"

"Tun shekarar farko."

"Ka kuma ci gaba da juyawa?"

"To in ban juya ba yaushe za ka ci?"

Dutse ya ce, "Ke fa?"

Shuɗiya ta ce, "Ni nawa gajere ne, ranka ya daɗe. Su biyun nan ba wanda ke iya faɗin abin da ke ransa sai an ɗora masa dutse a ka. Shekara arba'in da ɗaya ina kallonsu, na gaji."

Dutse ya yi wata ƙara da Korau ya ɗauka dariya ce, ya wangame baki. Suna cikin ratsawa ya ce, "Akwai sauran magana a cikin mazan nan, amma ba tawa ba ce. Ku wuce."

A bayan dutsen akwai gari, kuma na 'yan Adam ne. Korau ya yi murna da ganin irinsa, amma murnar ba ta daɗe ba. Garin ba ɗaki ko ɗaya, ba gona, ba murhu. Mutane ne tsaitsaye a bakin hanya. Ga mace da ludayi a hannu, miya ba ta bushe a jikinsa ba. Ga wani da ruwan alwala a damtse. Ga wani da takalmi ƙafa ɗaya. Duk wanda ka gaisar sai ya amsa ya ƙara da cewa, "Ai yanzu zan koma."

Ayari ya tsaya shayar da kunkuru. Wani dattijo mai rabin aski ya yafito Korau, ya ce sunansa Bagudu, shi ne babba a nan don ya riga kowa zuwa.

Ya ce, "Wanzami na cikin yi mini aski abokina ya zo sallama, na ce bari in taka masa. Daga wane gari kake?"

Korau ya faɗa. Bagudu ya ce bai san shi ba, shi mutumin Birnin Tsamau ne, ko Korau ya san labarinsa? Korau ya sani. Kakansa ya taɓa nuna masa kufan birnin, kukoki sun tsiro a inda aka ce fada ce. Ya ce, "Ina jin sunansa, Baba."

Bagudu ya ce, "Mu duk nan mun kai bakin kogi, abokanmu suka haye, ba su ce mu koma ba, mu ba mu shiga ruwa ba. Ba sallama, ba hanya. Sai daga baya muka gane. Mutanen nan ba sa sallamar aboki, abin kunya ne a wurinsu. Kai ne za ka ce, 'Na tsaya.' Kalma biyu. Da na sami wanda ya gaya mini da tuni an ƙarasa mini askina. Je ka faɗa tun kana ganinsa."

Korau ya yi godiya ya koma. Ya tarar da Dambaru zaune a kan wani dutse, ya zana gidajen dara a ƙasa da yatsa yana kallonsu. Ya ɗago ya ce, "Ya abokina, me tsohon ya ce?"

Korau ya ce, "Gaisuwa ce kawai."

Daga nan ba zan ƙara cewa rashin sani ne ya ja Korau ba. Ya sani sarai. Kalmomin suna bakinsa, ya kasa, don yana son mutumin nan, kuma bai san yadda la'asar za ta yi ba tare da shi ba. Aka ɗaura kaya, ya bi su.

Suka iso babban kogi. Ba a hango ɗaya gaɓar. Mai fito wani tsohon kada ne, tsawonsa ya kai unguwa guda, kuka ta tsiro a gadon bayansa, matafiya na zama a inuwarta. Ya yi ta kwasar mutanen rami yana kaiwa yana dawowa, ganuwa ta haye, kasuwa ta haye, sarki ya haye. Dambaru ya yi ta cewa a bar na bayansa su fara, har ba kowa a gaɓa sai su uku.

Kada ya ɗora haɓarsa a kan yashi ya ce, "Biyu nake gani na ruwa, ɗaya na tudu. Wa ya kawo na tudu har nan?"

Dambaru ya ce, "Ya shugaban masu fito, abokina ne, rakiya ya yi mana."

"Rakiya tana da iyaka. Da a bakin fadamarku kuka rabu, da kowa ya tafi da rabonsa na tunawa. Kun jawo abin har gabana, ni kuwa ruwana ba ya yarda abota ta gitta shi, kai ɗaya nan kai ɗaya can. Hanya uku ce. Ya hau bayana ya zama matafiyi, ba shi ba gida. Ko ku hau ku bar shi ba sallama, ya koma cikin masu tsayuwa. Ko ɗayanku ya furta sallama. Wanda ya furta shi zai ɗauki abotar duka, ya tuna kome har ya mutu. Ɗaya ɓangaren zai manta kamar ba a taɓa yi ba. Ku zaɓa, ina da haƙuri amma ba na kwana a tudu."

Shuɗiya ta sauke ɗakinta ta zauna a kai.

Dambaru ya ce, "Ya Korau, ina da laifi. Na san al'adarku. Shekara arba'in da ɗaya ina jin kuna ce wa juna 'ka koma haka nan' a saman kaina. Na ga ka tsaya gyaran takalmi a bakin fadama, na san abin da kake jira. Na ce a raina, bari mu ƙara kaɗan."

Korau ya ce, "Ni ma mai rabin askin nan ya gaya mini taku. Ba gaisuwa ba ce."

Shuɗiya ta ce, "Ga shi nan. Da kun faɗa wa dutse wannan da ya fi muku."

Dambaru ya ce, "Ka hau mu tafi. A can ba ciwon baya, ba furfura. Zan gina maka rijiyar baba da hannuna, kuma ba zan ƙara taɓa ɗan dara ba."

Korau ya dubi ruwan. Yana so, kada wani ya ce ba ya so. Ya matsa har yatsun ƙafarsa suka kusa jiƙa, ya tsaya, ya ja da baya. Ya ce, "Gwamma ba ta iya jan guga."

Dambaru ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne. To ni na jawo, ni zan ɗauka. Zan karya al'adar kakannina in sallame ka. Ka koma gida da zuciya sakayau, ka ga rijiya ta tara ka ga rijiya kawai."

Korau ya ce, "Shekara nawa ta rage maka, in Allah ya yarda?"

"Dubu da ɗari bakwai, ko da ɗoriya."

"Ni in ta yi yawa goma. Kai ka ɗauki abu shekara dubu da ɗari bakwai, ni ina can ina cin tuwo ban san ka ba? Ba a yi haka ba."

"Ba ciniki muke ba, ya abokina. Ni ne babba."

Shuɗiya ta tashi ta zo gaban Korau. Ta san mijinta, ta san Korau, ta riga ta ga inda abin zai faɗa. Ta ce, "Mai baba, tun ina sane da kai bari in faɗi nawa. Ka ce wa Gwamma daddawarta ta fi ta kowa, ban taɓa gaya mata ba don kada ta yi girman kai. Ka ce ta riƙa gasa gwiwar da ɗumi. Kai kuma ka riƙa sa hula, ka tsufa." Ta juya baya tana gyara ɗaurin kayan da ba su kwance ba.

Dambaru ya miƙe tsaye, ya gyara riga, ya fuskanci Korau. Mutumin rami ba ya yin babbar magana kai tsaye, balle wadda ba a taɓa yi ba a zuriyarsu. Ya ce, "Ina shaida wa ruwa da tudu, ina neman gafarar iyayena da kakannina, da sarkina da ya haye. Ya Korau ɗan Nomau, jikan Arzika, marinin da ya fasa mini rufin ɗaki, wanda ya zauna da ni rani da damina, wanda bai taɓa…"

Korau ya bar shi ya kai nan, don yana son ji. Sannan ya ce, "Na tsaya."

Ba a yi tsawa ba, ruwa bai motsa ba. Dambaru dai ya tsaya da baki buɗe kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya zo ɗauka. Ya dubi matarsa, ya dubi kada, sannan ya ga wani tsoho ɗan Adam tsaye a gabansa ba hula. Da yake mai ladabi ne, ya yi masa sallama, ya tambayi lafiyar iyali da ta maƙwabta da ta awaki. Korau ya amsa duka, ɗaya bayan ɗaya.

Dambaru ya ce, "Ya kai ɗan Adam, me ya kawo ka wannan nisa?"

"Rakiya na yi wa wani abokina."

"Ya haye?"

"Ya tafi."

Dambaru ya girgiza kai ya ce, "Ka gafarce ni, amma wanda ya jawo tsoho kamarka har bakin kogin nan ya bar shi shi kaɗai, ba shi da kirki."

Korau ya ce, "A'a, yana da kirki."

Shuɗiya ta ce da mijinta, "Ka zo mu tafi, ka tsare bawan Allah da surutu." Ta ɗauki ɗakinta, ta yi wa Korau sannu irin ta baƙo, suka hau. Ya tsaya yana kallo har kukar ta zama ɗigo a kan ruwa. Ba wanda ya waiwayo a cikinsu, don ba su da dalili.

Da ya juya sai ga zaren tsohuwa shimfiɗe a gabansa, ya bi shi. Dutse bai tambaye shi kome ba, daji bai kira shi ba, ya fito tsakanin suri biyu rana tana shirin yin la'asar. Ya isar wa Gwamma da saƙonta kalma bayan kalma, ta saurara, ta tura masa akushi.

Daga bakinsa na ji wannan, kuma iyakar abin da ya ba ni ke nan. Ya yi wa kansa lissafin shekara goma. Allah ya ba shi ashirin da uku, da hankalinsa garau, bai manta da kome ba.